Filin Tambayoyinku: Me Ya Sa Roɗi-roɗin Fulawata Yake Ɓacewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi wata fulawa mai yaɗo a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, suka ce mini sunanta fotos, wasu kuma suna ce mata shukar kuɗi. Da na kawo ta gida ganyenta faffaɗa ne, kore mai roɗi-roɗin fari da ruwan ɗorawa, gwanin sha'awa. Na ɗora ta a kan kabad a kusurwar falo domin rassanta su zubo ƙasa, ina ba ta ruwa kowace safiya, har takin zamani na zuba mata. Amma yanzu duk ganyen da ya fito kore ne zalla kuma ƙarami, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye sai ƙara tsawo take yi, na ƙasan kuma suna yin rawaya suna kaɗewa. Shin cuta ce ta kama ta, ko kuwa an cuce ni ne a wurin saye? — Wata uwargida daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba a cuce ki ba, kuma ba cuta ba ce ta kama ta. Abu biyu ne ke damunta, ƙarancin haske da yawan ruwa, kuma na farkon shi ne tushen matsalar.

Wannan shuka, wadda masana tsirrai suka sani da sunan Epipremnum aureum, asalinta daga tsibirin Mo'orea ne, cikin tsibiran Folinesiya da ke ƙarƙashin Faransa a tekun Fasifik. A daji tana kama jikin bishiya da saiwoyin da ke fitowa daga gaɓoɓinta, ta yi ta hawa tana neman haske har tsawonta ya kai mita 20, kuma idan ta manyanta a can sama ganyenta kan doshi mita ɗaya, ya tsattsage a gefe. Wadda muke ajiyewa a ɗaki ƙuruciyarta kawai muke gani. Abin lura a nan shi ne, ta saba da haske mai yawa wanda ganyen manyan bishiyoyi suka tace, ba ta saba da tsakar rana ba, ba ta kuma saba da duhun kusurwa ba. An yi ta yaɗa cewa fotos ba ta damu da haske ba, kuma gaskiya ne cewa ba ta saurin mutuwa a duhu, amma rashin mutuwa daban, kyau daban.

Koren da ke jikin ganye wani sinadari ne da ake kira kulorofil, kuma da shi shuka ke haɗa abincinta daga hasken rana da ruwa da iska. Wuraren da kike gani fari ko ruwan ɗorawa ba su da wannan sinadari, ko kuma kaɗan suke da shi, saboda haka ɓangaren kore ne ke ciyar da su. Fulawa mai roɗi-roɗi kamar gida ce da masu ci suka yi yawa, masu noma kaɗan. Idan haske ya wadata, 'yan masu noman sun isa su riƙe gidan. Idan haske ya yi ƙaranci, rassan da suka fi kore su ne ke samun ƙarfi su rinjayi saura, sababbin ganye su riƙa fitowa ƙanana, kara kuma ya riƙa miƙewa siriri yana laluben inda taga take. Wannan shi ne abin da kika bayyana dalla-dalla a wasiƙarki.

Don haka ki fara da sauke ta daga kan kabad. Saman kabad, kusa da rufi, yana cikin wurare mafiya duhu a ɗaki, domin hasken taga ƙasa yake zubowa. Ki ajiye ta kimanin mita ɗaya ko biyu daga taga. Tagar gabas ta fi dacewa, saboda hantsin safe ba ya ƙuna, ita kuwa tagar yamma tana bukatar labule mai shara-shara, musamman a bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Ki kuma lura cewa a nan arewa rana ba wuri ɗaya take bi duk shekara ba: a lokacin hunturu takan karkata kudu ta shigo sosai ta tagar kudu, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta kuma takan ɗan koma arewa, saboda haka wurin da ya dace a Disamba yana iya sauyawa a Yuni. Gwaji mai sauƙi shi ne ki shimfiɗa farar takarda a inda kike son ajiye tukunyar da tsakar rana, ki ɗaga hannunki sama da ita da taƙi ɗaya. Idan kin ga inuwar yatsunki ɗaya bayan ɗaya amma bakinta da ɗan laushi, wurin ya yi. Idan ba ki ga inuwa ba sam, duhu ya yi yawa, idan kuma inuwar ta fito baƙa wuluk kamar a tsakar gida, rana za ta ƙona farin ganyen.

Dole in faɗa miki gaskiya cewa ganyen da ya riga ya fito kore ba zai koma mai roɗi-roɗi ba, sababbi ne za su nuna miki ko gyaran ya karɓu. Ki bi kowane reshe daga bakinsa ki koma baya har ki iso ga ganye na ƙarshe da ke da roɗi-roɗi mai kyau, ki datse reshen kaɗan a saman wannan gaɓa da almakashi ko reza mai tsabta. Idan kika duba karan da kyau za ki ga shi ma yana da zane-zanen fari, kuma tohon da zai fito daga gaɓa mai irin wannan zane ya fi yiwuwar ɗauko launin. Na san datse reshen da aka daɗe ana kallon tsawonsa yana da wuya a zuciya, amma barinsa na nufin kore zai mamaye tukunyar gaba ɗaya.

Batun ruwa kuwa, ki daina ba ta kowace safiya. Shukar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa da yawa, sai ƙasar ta zauna jagab, iska ta kasa kaiwa ga saiwa, saiwar ta fara ruɓewa, alamar farko kuma ita ce wannan rawaya da kaɗewar ganyen ƙasa. Ki riƙa cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan kin ji danshi ki ƙyale ta, idan ta bushe ki zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasan tukunyar, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti. Tun da har ganye ya fara kaɗewa, ina ba ki shawarar ki zare ta daga tukunyar ki duba. Saiwa mai lafiya fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce mai yauƙi da wari. Ki yanke ruɓaɓɓun, ki sake dasa ta a tukunya mai huda, tukunyar ƙasa ta fi ta roba domin tana numfashi, cikin haɗin ƙasar lambu da yashi mai tsakuwa da ɓuntun shinkafa da ɗan dakakken gawayi, tare da taki kaɗan wanda ya ruɓe sarai. Takin zamani ki dakatar da shi har sai kin ga sabon toho, domin taki ba ya maye gurbin haske, kuma yana ƙona saiwar da ke da rauni.

Idan kina son manyan ganye irin waɗanda kika saya, ki ba ta abin hawa. Ki sami gora ko sanda mai tsawon mita ɗaya, ki naɗe ta da buhun algarara ko zaren ɓawon kwakwa, ki kafa a tsakiyar tukunyar, ki ɗaure rassan a jiki da zare mara tsauri ta yadda gaɓoɓin za su taɓa buhun, ki riƙa jiƙa shi. Reshen da ke hawa ganyensa ƙara girma yake yi, wanda ke rataye kuwa ƙanƙancewa yake yi.

Tambaya: Malam, tawa fotos ɗin irin mai yawan fari ce da ake kira Marble Queen. Tun shigowar hunturu farin ganyen yake bushewa yana zama ruwan ƙasa, kuma ina ganin wasu abubuwa farare kamar auduga a maƙale a gindin ganye. — Wani ma'aikaci daga Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, irin taka ta fi sauran laushi, domin farinta ya fi yawa, shi ya sa ma take girma a hankali. Farin ɓangaren ganye shi ne ke fara nuna kowace irin wahala, ko ta rana, ko ta bushewar iska, ko ta gishirin ruwa. A hunturu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a yankinmu, ita kuwa 'yar dajin ruwa ce. Ka nisantar da ita daga bakin fanka da na'urar sanyaya ɗaki da tagar da iskar dare ke shigowa, domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana illata ta. Ka haɗa tukwanen fulawarka wuri ɗaya, hakan na riƙe ɗan danshi a tsakaninsu, kuma duk mako ka goge ƙurar ganyen da tsumma mai laushi da aka jiƙa, sama da ƙasa, saboda ƙurar hunturu tana tare mata ɗan hasken da take samu. Idan ruwan burtsatsenku na barin farin dabbare a bakin tukunya, gishiri ne ke taruwa, sai ka riƙa kwarara mata ruwa mai yawa lokaci-lokaci ya wanke ƙasar, da damina kuma ka tara mata ruwan sama.

Abin nan mai kama da auduga ƙwari ne masu tsotse ruwan shuka, kuma suna saurin yaɗuwa. Ka ware tukunyar daga sauran, ka goge su ɗaya bayan ɗaya da auduga da aka tsoma a sifirit, sannan ka fesa ruwan da aka gauraya da ƙaramin cokali ɗaya na man darbejiya da 'yan ɗigon sabulun ruwa a lita ɗaya. Ka yi feshin da yamma, ka maimaita duk mako har sau uku ko huɗu, domin ƙwansu na ƙyanƙyashewa bayan an kashe manyan.

Tambaya: Ina renon rassan fotos a kwalaben ruwa a ɗakin yara saboda an ce tana tsabtace iska. Akwai wata illa? — Wata malamar makaranta daga Maraɗi

Amsa: Malama, akwai, kuma ina roƙon ki fitar da su daga ɗakin yaran. Fotos dangin gwaza ce, kuma tana ɗauke da irin ƙananan tsinkayen gishirin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi. Idan yaro ko kyanwa suka tauna ganyen, baki da harshe za su yi zafi su kumbura, yawu ya yi ta zuba, wani lokaci har da amai. Idan hakan ta faru, a cire abin da ya rage a bakin, a kurkure da ruwa, a ba shi abu mai sanyi ya sha, idan kuma kumburin ya yi yawa ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, a garzaya asibiti nan take. Ruwan karanta ma yana sa wasu ƙaiƙayin fata, don haka a wanke hannu bayan datsa.

Maganar tsabtace iska ta samo asali ne daga binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989, amma an yi gwajin ne a cikin ƙananan akwatuna rufaffu. A ɗaki na gaskiya, buɗe taga ya fi tukwane goma amfani.

Renon a ruwa hanya ce mai kyau ta samun sabon dashe, muddin kowane yanki yana da gaɓa ɗaya aƙalla a cikin ruwan, ganyen kuma yana waje, saiwa kan fito cikin mako biyu zuwa huɗu. Sai dai ruwan da ya zauna a kwalba matattarar sauro ne, kuma sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana bakwai zuwa goma. Ki riƙa sauya ruwan duk bayan kwana uku kina wanke kwalbar, kuma da zarar saiwar ta kai tsawon santimita 5, ki mayar da ita ƙasa a tukunya, ki ajiye a wurin da hannun yara ba ya kaiwa.