Ganyen tuffa ya yi dabbare-dabbare: bairos ne ko ƙarancin abinci?

Tambaya: Malam, ina sana'ar kayan marmari a Ketu, ina kuma da gonar tuffa a Jos. Ganyen wasu bishiyoyin ya fito da ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa, 'ya'yan sun ragu. Wane feshi zan saya a nan Legas? Mai karatu daga Agege.

Amsa: Alhaji, kada ka ɓata kuɗinka, babu feshin da ke warkar da bairos. Fara duba ganyen. Idan sabon ganye ne ya koɗe bai ɗaya, jijiyoyinsa na nan kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Idan kuwa tabon barkatai ne, wani reshe da shi wani babu, zafin rana kuma ya ƙone wurin, alamar mozayik ce, wata cutar bairos da ke kama tuffa. Wasu bairos ɗin ɓoye suke, sai ka ɓare ɓawo a mahaɗar aure, wato wurin da aka haɗa reshen wata bishiya a jikin wata, ka ga layi ruwan ƙasa, inda bishiyar kan karye.

Tabbaci sai gwajin ELISA ko PCR, waɗanda ake yi a ɗakin gwaji don gano bairos. Tsinki ganye 10 daga sassa huɗu na bishiyar, ka sa a leda mai lamba, ka kai ɗakin gwaji cikin sanyi.

Yawanci aure ke yaɗa cutar, ba ƙwari ba, don haka kada a yanki reshen aure daga bishiyar da ake zargi. Wadda ta kamu a tumɓuke ta da saiwarta a ƙone, domin saiwoyin maƙwabta kan haɗe a ƙasa. Dashen waje kuma, nemi izinin NAQS, hukumar killace kayan noma ta Najeriya, kafin ka shigo da shi.