Sukari kafin azumi: in sara in ajiye, ko in jira?

Tambaya: Ina sana'ar cincin da zoɓo a Zariya. Duk shekara sukari na tashi gab da azumi. Na tara ɗan kuɗi a adashe, shin in zuba su duka a buhunan sukari in ajiye?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki sara, amma kada ki zuba duka. Mafi yawan sukarin da muke sha a Najeriya ba a gonakinmu aka noma rakensa ba. Ɗanye ake shigowa da shi a jiragen ruwa, galibi daga Barazil, a sauke a Legas, matatun Dangote da BUA da Golden su tace shi ya yi fari, sannan tireloli su kawo Arewa, kasuwanni irin su Singa ta Kano su rarraba. Da dala ake biyan kuɗinsa, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, sai buhu ya tashi ko da azumi na da sauran wata shida.

Dubi 2023. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, damina ta yi gardama a Indiya da Tailan, manyan ƙasashen noman rake, Indiya kuma ta taƙaita fitar da nata. Zuwa Nuwamba farashin duniya ya kai inda bai taɓa kaiwa ba tun 2011. Wanda ya ajiye a lokacin ya ci riba. Sai dai daga baya farashin duniya ya sauko, domin manoman Barazil suna yankan rake daga Afrilu zuwa Nuwamba, kuma masana'antunsu na iya juya raken ya zama sukari ko man itanol na mota, gwargwadon wanda ya fi tsoka. Ba ke ba ce za ki iya hango wannan daga Zariya, babban dila ma lalube yake yi.

Shawarata, lissafa abin da sana'arki za ta ci har bayan ƙaramar salla, ki sayi wannan kawai, sauran kuɗin ki bar su don fulawa da mai. Ki ɗora buhunan kan katako, kada su jingina da bango, ki nisanta su da kananzir da sabulu. Danshi na dunƙule sukari, kuma yana ɗaukar wari.

Tambaya: Ni mai shayi ne. An kawo mini buhu marar rubutu, ya fi araha. In karɓa?

Amsa: Malam, ni dai ba zan karɓa ba. Dokar Najeriya ta wajabta sa sinadarin bitamin A a sukarin da ake sayar wa jama'a. Ka duba buhu ka ga sunan kamfani, lambar NAFDAC da alamar nan mai siffar ido da ke nuna an sa bitamin A. Wanda aka juye a buhu marar suna, ba ka san inda ya kwana ba, ga shi yara na shan shayinka. Ko mai rubutun ne, ɗora shi a sikeli: kilo 50 aka rubuta, kilo 50 za ka biya.

Tambaya: Mazarƙwaila ta fi farin sukari lafiya?

Amsa: Ta fi shi ƙamshi a kunu, kuma kuɗinki na zuwa hannun manoman rake irin na Makarfi, abin da nake so ƙwarai, tunda har yanzu abin da gonakin raken kamfanonin sukari na Numan da Sunti ke fitarwa bai kai kusa da bukatar ƙasar ba. Amma 'yar'uwa, ita ma sukari ce. In likita ya ce ki rage zaƙi saboda ciwon suga, har da ita yake nufi.