Me ya sa numfashi ke wuya a saman dutse, daga baya kuma jiki ya saba?

Ka tambaya me ya sa da ka hau tudu mai tsayi numfashinka ya riƙa sama-sama, amma bayan makonni ka ware. Jikinka ne ya gane oksijin ya ragu, ya gyara kansa. A can sama oksijin na nan kusan kashi 21 cikin 100 na iska, matsin iskar ne ya faɗi, shi ya sa kowane numfashi ke kai kaɗan ga jini. Wasu 'yan ƙulluluwa da ke jikin jijiyar wuya su ke fara ji, su sa ka haki nan take. A cikin ƙwayoyin jiki kuwa akwai furotin mai suna HIF, kullum ana ƙera shi ana rushe shi muddin oksijin ya wadata. Da oksijin ya yi ƙasa, rushewar ta tsaya, HIF ya taru, ya sa ƙoda ta saki sinadarin EPO, shi kuma ya umarci ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Binciken da ya gano wannan ne ya ba masana kimiyya Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019.

Amma fa ɓargo ba ya ƙera jini sai da sinadarin ƙarfe. Lokacin da na kwana sama da mita 2,500, ciwon kai ya hana ni barci daren farko, kwana uku na warware. Abokin tafiyata mai ƙarancin jini kuwa, ko ɗaure takalmi sai ya zauna ya huta. Don Allah ka auna jininka kafin ka koma, kuma ka hau a hankali.