Amsa ga ƙanina mai son sayen babban babur na hannu a Ingila

Assalamu alaikum ƙanina.

Saƙonka ya iso, na kuma yi maka murnar samun gurbin karatu, Allah Ya sanya albarka. Ka ce a watan Satumba za ka sauka, shekarunka 23, ka daɗe kana hawan ƙaramin babur, yanzu kuma ka ƙyalla ido a kan Honda VFR800 na hannu, cikin baburan nan da aka ƙera domin gudu da doguwar tafiya a haɗe, don ka zaga Sikotlan idan an yi hutu. Har hoton wani ja ka turo mini, wai in je in gane maka shi kafin wani ya riga ka. Ban je ba, kuma ba ƙyuya ce ta hana ni ba. A yadda kake a yanzu, ko kyauta aka ba ka wannan babur, ajiye shi za ka yi kana kallo.

Lasisi shi ne farkon magana. Idan lasisin da za ka zo da shi ya haɗa da babur, doka ta yarda ka yi amfani da shi na wata 12 daga ranar da ka fara zama a ƙasar. A takarda ke nan. A aikace, kamfanonin inshora ne za su tare maka hanya: matashi, lasisin waje, babu tarihin tuƙi a nan, ga babban inji. Wasu ba za su karɓe ka ba sam, wasu kuma za su faɗi kuɗin da zai sa ka rufe shafin da kanka. Saboda haka hanyar kowa za ka bi. Ka nemi lasisin koyo daga DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi, ka yi horon wuni ɗaya da ake kira CBT. Takardarsa tana aiki shekara 2, amma iyakarka babur mai 125cc, da alamar L a gaba da baya, ba goyo, ba hawa babbar hanyar gudu. Daga nan sai jarrabawar kwamfuta, sai jarrabawar tuƙi kashi biyu, ɗaya a cikin fili, ɗaya a kan titi. Ba za a bar ka ka zauna jarrabawar ba sai ka yi kwana 185 a ƙasar cikin wata 12 da suka gabata. Lissafa daga Satumba, ka ga ka kai Maris ke nan.

Wurin da shekarunka suka shigo shi ne nan. Mai shekara 19 zuwa sama yana iya samun lasisin A2, wanda ƙarfin babur ɗinsa bai wuce kilowat 35 ba. An yarda a rage wa babban babur ƙarfi ya sauko 35, amma da sharaɗin asalin ƙarfinsa bai haura ninki biyu ba, wato 70. VFR800 yana kusa da 80, don haka ko an rage shi bai halatta ga mai A2 ba. Cikakken lasisin A kai-tsaye sai ka cika 24. Idan za ka cika 24 ana cikin karatun, ni a ganina ka yi haƙuri ka yi jarrabawar sau ɗaya, maimakon ka biya kuɗin makarantar koyon tuƙi sau biyu. Hunturunka na farko ma ba lokacin koyon babban babur ba ce. Rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, titi a jiƙe, ga hannun hagu da ake bi wanda sai idonka ya saba.

Wani abu a gefe, tunda na san tunanin yana zuwa wa ɗalibai: kada ka sa a ranka cewa babur ɗin zai biya kuɗin kansa da aikin kai abinci gida-gida. Bizar ɗalibi ta ba ka awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana aikin da mutum yake cin gashin kansa, kuma yawancin masu kai abinci a haka ake ɗaukarsu. Inshorar hawa ta yau da kullum ma ba ta ɗaukar wannan aiki.

To, mu ce lasisi ya zo hannu. Kafin ka kira kowane mai babur, ɗauki lambar babur ɗin daga tallan, ka shiga shafukan gwada farashin inshora, ka sa adireshinka na gaskiya da inda zai riƙa kwana. Unguwa tana canza farashi sosai, haka kwana a gareji da kwana a bakin titi, domin satar babur a manyan biranen nan ba wasa ba ce. Kada ka yi ƙarya a fom ɗin don farashi ya sauka, ranar da aka yi haɗari za su tono ta su ƙi biya. Hawa babu inshora kuwa tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasisinka, 'yan sanda su kwace babur ɗin, kuma maki 6 cikin shekara 2 na farko bayan cin jarrabawa yana soke lasisin gaba ɗaya.

Game da zaɓi, ban ƙi VFR800 ba. Injinsa mai silinda huɗu a siffar V yana da daɗin sauti da ƙarko. Na 1998 zuwa 2001 masoyansa sun fi yabawa, sai dai tsufa ya kama su, kuma idan a Landan za ka zauna, babur da bai kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 3 ba, wato galibi waɗanda aka yi wa rajista kafin Yulin 2007, yana biyan fam 12.50 duk ranar da ya motsa a yankin taƙaita hayaƙi da ake kira ULEZ. Daga 2002 aka sa masa tsarin sarrafa bawul na VTEC, wanda duba bawul ɗinsa a kowane mil 16,000 aiki ne mai cin lokacin bakanike, shi ya sa masu shi da yawa suke tsallake shi su sayar. Sanannen rauninsa kuma na'urar da ke daidaita cajin batir ce, tana ƙonewa.

Yamaha FJR1300 ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, ba ruwanka da shafa mai kowane mako. Amma nauyinsa ya doshi kilo 290. A kan babbar hanya ba ka jin nauyin, sai ranar da za ka tura shi da baya a kan gangara, ko ya kwanta maka a bakin danja kana kai kaɗai. Kawasaki Z1000SX, wanda ya fito a 2011, ya fi karkata ga gudu, kuma inshorarsa ga sabon mahayi tana nuna hakan. Akwai Triumph Sprint ST 1050 mai silinda uku, akwai Suzuki Bandit 1250 wanda kowane bakanike ya san cikinsa.

Da ni ne kai, duk waɗannan zan tsallake su a shekarar farko. Yamaha Tracer 700, ko Kawasaki Versys 650, ko Suzuki V-Strom 650, kowannensu zai kai ka arewacin Sikotlan ya dawo da kai da akwatunanka, ba su kai manyan nauyi ba, ba su kai su shan mai da cin taya ba, kuma ana iya rage su ga mai A2. Hanyar North Coast 500 da kake mafarki, mil 516 ce daga garin Inverness na arewacin Sikotlan ta zago ta dawo, kuma wurare da yawa a cikinta siririn titi ne mai layi ɗaya, da tumaki a gefe. Babur mai sauƙin juyawa ya fi amfani a can. Ka kuma nemi mai birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Daga 2017 duk sabon babur da ya haura 125cc yana zuwa da shi, a tsofaffi kuwa sai ka tambaya.

Yanzu duba babur ɗin kansa, inda ni na taɓa cin kwakwa. Babban babur na farko da na saya, na isa gidan mutumin na tarar ya riga ya fito da shi, ya wanke shi tas, inji da ɗumi. Na ɗauka karamci ne. Bugu ɗaya ya tashi, na biya na tafi. Washegari da safe cikin sanyi sai da na yi ta fama, da ya tashi kuma ga shuɗin hayaƙi daga salansa, alamar yana cin baƙin mai. Tun daga ranar, nakan faɗa wa mai babur tun a waya cewa a sanyi nake so in same shi, ina isa kuma in kai hannu kusa da inji in ji. Idan da ɗumi, na san akwai magana.

Je da rana, ba cikin ruwan sama ba, domin ruwa yana ɓoye ƙarce a fenti. Fara da wuraren da ke taɓa ƙasa idan babur ya faɗi: ƙarshen hannuwa, bakin hannun birki da na kuloci, matakin ƙafa, gefen salansa, madubi. Faɗuwa a tsaye ba komai ba ce, kusan kowane babur ya taɓa yi. Dogon ƙarce da ya bi tsawon bodi shi ke nuna ya ja ƙasa da gudu. Juya kan babur zuwa ƙarshe hagu da dama, ka dubi 'yan ƙarafan da ke tare shi a wuya. Idan sun lotsa ko an yi musu walda, gaban ya taɓa shan duka, ka yi sallama. Idan yana da ƙafar tsakiya, a ɗora shi a ɗaga tayar gaba, ka juya kan a hankali, in ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci. Shafa yatsa a sandunan shok na gaba, mai a jiki yana nufin robar ta mutu, tsatsa mai rami-rami kuma za ta yaga duk sabuwar da aka sa.

Leƙa ƙasa da tocila. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi yana cin bututun salansa da kusoshi da birki, kuma babur mai rufin bodi yana ɓoye wannan ɓarna da kyau. Ja sarƙa daga bayan haƙoran tayar baya, in ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ko haƙoran sun lanƙwashe kamar ƙugiya, saitin duka za ka canza. A gefen taya akwai lamba huɗu da ke faɗin ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Doka tana neman zurfin zane milimita 1, amma tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta yana nan, kuma baburan doguwar tafiya tsakiyar tayarsu ke shafewa ta zama fale-fale, sai babur ya riƙa gardama a kwana. Ka tafi da ƙaramar mitar wuta, ba ta da tsada. Batir a kashe ya nuna wajen bolt 12.6, idan inji yana aiki an ɗan ba shi wuta ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. A VFR musamman kada ka tsallake wannan. Bar shi ya yi zafi har fankar lagireto ta tashi da kanta.

Yawan mil ba ya tayar mini da hankali kamar yadda yake tayar wa sababbin masu saye. Irin waɗannan injina, mil 50,000 a hannun dattijon da ke ajiye rasit a fayil ya fi mil 15,000 a hannun wanda ya bar shi shekara uku a ƙarƙashin tamfol. Rasit nake bi ɗaya bayan ɗaya: yaushe aka canza baƙin mai, yaushe aka canza ruwan birki, an duba bawul ko ba a duba ba. Littafin sabis mai tambari yana da kyau, rasit ya fi shi, domin shi ke faɗin ainihin abin da aka yi. Araha ba ta ado, kuma babur mai arha da ke jiran taya biyu da sarƙa da aikin bawul ya riga ya fi na kusa da shi tsada.

Takardu kuma, tun daga ɗakinka za ka fara. Duk babur da ya wuce shekara 3 yana yin gwajin lafiyar abin hawa da ake kira MOT kowace shekara, kuma tarihin yana shafin gwamnati kyauta, lambar babur kawai za ka sa. Za ka ga mil na kowace shekara da gargaɗin da aka rubuta. Idan mil ya ragu daga wata shekara zuwa ta gaba, an taɓa agogon. Biya ɗan kuɗi a yi maka binciken tarihi irin na HPI, ya nuna ko na sata ne, ko inshora ta taɓa yanke cewa ya lalace, ko akwai bashin kamfani a kansa. A gidan mai shi, takardar rajistar babur, wato V5C, ta kasance a hannu, adireshin da ke ciki ya zama nan inda kuke tsaye, lambar da aka buga a wuyan firam da ta inji su dace da na takarda. Ita kanta V5C ɗin an rubuta a jikinta cewa ba shaidar mallaka ba ce, don haka ku rubuta rasit ku sa hannu. Wanda ya ce ku haɗu a gidan mai, ko ka turo kafin alƙalami kafin ka gani, rabu da shi. Karɓi makulli biyu, domin na baburan zamani da na'ura a cikinsu, yanka sabo idan duka sun ɓata ba ƙaramin kuɗi ba ne. Harajin hanya ba ya bin babur zuwa sabon mai shi tun 2014, kai za ka biya naka da koren yankin takardar V5C kafin ka motsa.

Dila ya fi tsada, amma dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar idan aka samu aibi. A hannun mutum kuwa, in dai bai yi maka ƙarya a bayani ba, abin da ka gani shi ka saya. Ga wanda bai san ƙasar ba, bambancin kuɗin yakan cancanta. Ka kuma ware kuɗin hular kwano sabuwa, kada ka sayi ta hannu, da riga da wando masu kariya waɗanda ruwa ba ya ratsawa, da safar hannu, da takalmi, da sarƙar ɗaurewa mai kauri.

Jan nan da ka turo, na sa lambarsa a shafin MOT don in huta da tambayarka. Shekara biyu a jere ana yi masa gargaɗi ɗaya a kan shok na gaba, ba a gyara ba, tallan kuma bai ambaci bawul ba ko sau ɗaya. Bar shi ya tafi. Idan ka sauka ka kimtsa, turo mini ranar haihuwarka da lambar unguwar da za ka zauna mu gwada inshora tare, mitar wuta da tocila kuma ina da su, ba sai ka saya ba. Ka gaishe da mutanen gida.