Shin mun fi iyayenmu raki ne? Hukuncin kukan tsadar rayuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni magidanci ne a Ɗorayi, adaidaita sahu nake ja, mata ɗaya yara huɗu. Duk sanda naje gaida Baba na ɗan taɓa maganar tsadar mai da balas da kuɗin makarantar yara sai yace ku ƴan zamanin nan kun fiya raki, mu munga fari munga yunwa bamu ce uffan ba, wai ƙorafin nan namu rashin godiyar Allah ne shiyasa abin yaƙi sauƙi. Malam dan Allah da gaske mun fi na da ƙorafi? Kuma ina da zunubi in na faɗi halin da nake ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yassare maka ɗan uwa, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Baka da zunubi dan ka faɗi halin da kake ciki matuƙar gaskiya ka faɗa kuma ba hukuncin Allah kake tuhuma ba. Annabi Yaƙub (AS) shine wanda yace "fa sabrun jamil", wato haƙuri mai kyau, kuma shi ɗin ne dai a cikin suratu Yusuf yace "innama ashku bassi wa huzni ilallah", ma'ana ni Allah nake kaiwa kukan damuwata da baƙin cikina. Annabi Ayuba yace Ubangiji cuta ta shafe ni, amma duk da haka Allah yace mun same shi mai haƙuri. Annabi Musa ya cewa yaronsa lallai mun sha wahala a wannan tafiyar tamu. Nana A'isha tace wayyo kaina, Manzon Allah (SAW) bai ce mata ta fiya raki ba, cewa yayi a'a ni ne dai wayyo kaina, Bukhari ya ruwaito. Toh kaga faɗin ciwo daban rashin haƙuri daban.

Wanda yafi kusa da tambayarka ma shine hadisin Anas da Abu Dawud da Tirmizi suka kawo, kaya sukai tsada a Madina mutane suka zo suka ce ya Rasulallah farashi ya tashi ka yanke mana farashi. Bai yanke ba, yace Allah shine mai sa farashi mai ƙuntatawa mai yalwatawa, amma ko kalma ɗaya bai faɗa musu ta cewa sun yi laifi da suka kawo kuka ba. Haka mutumin da ya miƙe ana tsaka da huɗubar Juma'a yace dukiya ta halaka iyali suna jin yunwa ka roƙa mana ruwa, nan take Annabi ya ɗaga hannu. Sahabbai kenan fa, mafi alherin al'umma, sun yi kukan tsada sun yi kukan fari.

Sai maganar wai na da basa ƙorafi. Da girmamawa ga Baba, wannan tarihin Kano bai goyi bayanta ba. Wahala kam sun sha, babu mai musun wannan. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914 wadda ta ci rayuka masu yawa a ƙasar Kano, an yi ta Ƴar Buhu a 1927, an yi farin 1973 da dabbobi suka dinga faɗuwa, wanda shi nake kyautata zaton Baba ya gani da idonsa, ga agana ga ƙyanda da suke ɗauke yara a lokacin da asibiti sai an yi tafiya mai nisa. Amma shiru suka yi? Me ya haifar da jam'iyyar siyasa ta NEPU a garin nan a 1950 in ba kukan talaka akan haraji da jangali da aikin tilas ba, mutane suka sha ɗauri suka sha bulala akan wannan kukan har Allah yasa Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da ya hau gwamna a 1979. Ka tambayi duk wanda ya bi layin sabulu da madara a 1984 ko wanda SAP ta 1986, wato tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, ta karya masa jari ko a lokacin tasbihi kawai ake a majalisa. Bambancin shine kukansu a zaure yake tsayawa ko a gindin bishiya, in an tashi ya wuce, naku kuwa yana waya yana Facebook yana gidajen rediyo safe da yamma, mutum ɗaya zai yi dubbai su ji, sai ya zama kamar yafi yawa. Allah ya riga ya faɗa a suratul Ma'arij cewa an halicci mutum mai raki, in sharri ya shafe shi sai ya kasa daurewa, kuma bai ware wani zamani ba, masu sallah ya ware.

Kuma irin wahalar ma ba ɗaya bace. Da yawan mutanen da suna da rumbu suna da gona a bayan gari, kai kuwa komai siya kake, ruwan ƴan garuwa, gawayi, haya, magani, tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 litar da take ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 1,000 a 2024, kuma mai mashin bazai rage maka balas dan fasinja sun koma tafiyar ƙafa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasu suna kawo hadisin da mutane suka kai wa Anas kukan zaluncin Hajjaj gwamnan Iraƙi yace kuyi haƙuri babu wani zamani da zai zo face na bayansa ya fishi sharri, to wannan an ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa ba yalwar abinci ko dukiya ake nufi ba, raguwar ilimi da tafiyar malamai ake nufi, ai halifa adali Umar bin Abdul'aziz bayan Hajjaj yazo. Dan haka ba ma'aunin wa yafi shan wahala bane.

Inda maganar Baba take da gaskiya, kuma ina so ka riƙe ta da kyau, akwai ƙorafin da yake haramun. Mutum yace me nayi wa Allah, ko me yasa sai ni, ko ya dinga tsinewa zamani da shekara, alhali a hadisin ƙudusi Allah yace ɗan Adam yana cutar da ni yana zagin zamani. Ko wanda bakinsa kullum ƙasar nan ta gama lalacewa kowa ɓarawo ne babu na Allah, Muslim ya ruwaito cewa in mutum yace mutane sun halaka to shine mafi halakarsu. Akwai kuma wani da ya yaɗu a garin nan wanda wallahi yana damuna, mai hali ne Allah ya rufa masa asiri amma kafin ka gama gaishe shi ya fara kukan babu dan kar ɗan uwa ya roƙe shi, wannan ƙarya ce kuma butulce wa ni'ima ce. Sai wanda ƙorafi ya zame masa sana'a, ya wuni a teburin mai shayi bai nema ba, shi kuma makaruhi ne mafi ƙaranci, in ya kai ga tozarta haƙƙin iyali ya zama zunubi.

Amma kai kuka wajen wanda zai iya gyarawa, shugaba ko ɗan majalisa ko mai unguwa ko ɗan uwa mai hali, halal ne, wani lokacin ma wajibi ne in shirun zai cutar da iyali, Allah yace baya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Kuma ban yarda mu malamai mu riƙa cewa talaka sai haƙuri mu tsaya nan ba. A shekarar yunwa ta Ramada, 18 bayan hijira, Sayyidina Umar hana kansa man shanu da nama yayi, ya rubuta wa gwamnoni su turo abinci, ya fita roƙon ruwa da Abbas baffan Annabi (SAW). Wanda ya ɓoye hatsi a sito yana jiran ya ƙara tsada shi Annabi ya kira mai saɓo, ba wanda ya kasa siyan kwano ɗaya ba. Cewa kuma kukanku ne ya hana sauƙi zuwa, zunubi yana jawo musiba wannan haka yake a dunƙule, amma a ɗora ta kan kukan mai jin yunwa magana ce da babu dalili akanta.

Game da Baba, kar kayi musu dashi dan ka ji wannan amsar, baya halatta ka ɗaga masa murya ko ka nuna masa bai sani ba. Sau da yawa tsoho in yace kun fiya raki ƙarfafa maka gwiwa yake da irin yaren da shima aka tarbiyyantar dashi, kuma yana iya yiwuwa kukan naka yana tada masa hankali ne tunda bashi da abin da zai baka. In kaje ka taƙaita, kace Baba a sa mu a addu'a kasuwa ta yi nauyi, addu'ar mahaifi ga ɗansa tana cikin waɗanda ake amsawa. Lissafin mai da balas kuma ka kai shi wajen mai mashin ɗin ku zauna ku sake yarjejeniya, shari'a ta baka damar neman ragi in kun yarda ku biyun.

Wallahu a'alam.