Darasin Ciyar da Yara ta Waya a Sansanonin Rohingya

Tambaya: Ni ungozoma ce. Na ji ana koya wa matan Rohingya 'yan gudun hijira yadda za su ciyar da 'ya'yansu ta intanet. Anya hakan na yiwuwa ga matan da ba su yi karatu ba? (Mai karatu daga Gombe)

Amsa: Malama, yana yiwuwa, muddin ba a dogara da rubutu ba. Sama da 'yan Rohingya 700,000 ne suka tsero daga jihar Rakhine ta Myanmar tun Agustan 2017 zuwa Cox's Bazar a Bangladesh, inda sansanin Kutupalong yake. Harshensu na baka ne, kaɗan ne ke karanta shi. Saboda haka darasin da ke shiga shi ne saƙon murya ko gajeren bidiyo da harshen Rohingya kansa. Masu shirya darasi kan yi kuskuren amfani da yaren Chittagong, na mutanen yankin da sansanonin suke, saboda kamarsa da na Rohingya, sai ma'ana ta karkace.

Wayar ma sau da yawa tana hannun maigida. A Satumban 2019 gwamnatin Bangladesh ta katse intanet mai sauri a sansanonin, sai kusan shekara guda aka dawo da shi. Dabara ita ce a sauke bidiyon a wayar 'yar sa-kai, ta tara mata kaɗan su kalla tare, su yi tambaya.

Abin da ake koyarwa kuwa: nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba jariri. Daga wata 6 zuwa 8, abinci sau 2 zuwa 3 a rana, a fara da cokali 2 ko 3. Daga wata 9, sau 3 zuwa 4. Dahuwar shinkafa da wake da suke kira kicuri ta dace, amma ta yi kauri har ta tsaya a cokali, a zuba mai, a saka ƙwai ko dakakken busasshen kifi. Mai ruwa-ruwa cika ciki kawai take yi.

Ana kuma nuna wa uwa awon damtsen yaro da tef mai launi, irin wanda kuka sani a asibitocin tamowa. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, a garzaya cibiyar kula da tamowa. Inda hannu ke kuskurewa shi ne a ja tef ɗin har ya matse, ko awo kusa da kafaɗa maimakon tsakiyar damtse.

Tambaya: To mene ne ya fi lalata irin wannan darasi?

Amsa: Koyar da abin da babu shi a tukunya. A 2023 Hukumar Abinci ta Duniya ta rage kuɗin abincin kowane mutum daga dala 12 a wata zuwa 10, sannan 8. A irin wannan hali bidiyon da ke nuna nama da madara ɓata lokaci ne. Haka ma bidiyon da aka aro daga wata ƙasa: ƙunshin gishiri da sukari na gudawa da aka saba da shi a Bangladesh na rabin lita ne, don haka uwar da ta ji "lita ɗaya" za ta tsinka shi.