Hajiya ta koma kan maganinta, kumburin a kai wa likita

Assalamu alaikum. Ƴar'uwa, kin ce likita ya ɗora Hajiya kan maganin hawan jini, amlodipine mai miligiram 10, ƙafafunta suka kumbura, sai ta ajiye shi tunda awon jininta ya sauko 13/8 (wato 130/80). Allah ya ba ta lafiya. Aikin jinya nake yi nan Damagaram, wannan kukan kuwa kunnena ya saba da shi, galibi daga bakin mata.

Yawanci kumburin daga maganin yake. Aikinsa buɗe ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa jinin ke sauka, wannan buɗewar kuma ita ke sa ruwa ya tsattsafo ya taru a idon sawu. Da marece ya fi yawa, da safe ya saɓe, mai shan 10 ya fi mai shan 5 fama da shi. Don Allah kada wani ya sayo mata Lasilix, ƙwayar nan mai sa fitsari, wurin masu yawo da magani a tire wai ya zuƙe ruwan. Ba ya yi wa irin wannan kumburi abin kirki, sai dai ya tsane ta, da zafin garin nan jiri ya kwashe ta a makewayi. Likita na iya mayar da ita kan 5 ya haɗa mata da wani, kamar losartan, bayan ya auna ƙoda. Kafin nan ta riƙa ɗora ƙafa kan matashi idan ta zauna.

Ajiye maganin ne ya fi damuna. Wannan 13/8 ba warkewa ba ce, aikin ƙwayar ce. Amlodipine na daɗewa a jiki, shi ya sa kwana biyu bayan an bari sai awo ya yi kyau, kowa ya saki jiki, alhali jinin na hawa ba ko ciwon kai. Da yawa cikin masu shanyewar ɓarin jiki da muke karɓa, idan ka bi diddigi, ji suka yi sun samu sauƙi suka daina sha. Ƙwaya ɗaya ce kullum, a lokaci guda. Idan ta manta har awa 12 ta wuce, ta bari sai gobe, kada ta haɗa biyu.

Ki leƙa tukunya ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wajen cokalin shayi ɗaya ke nan, mu kuwa ga magi ga kanwa, dukansu dangin gishiri ne. Diclofenac ɗin da tsofaffinmu ke sha don ciwon gwiwa shi ma yana tayar da jini.

Amma idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, ko numfashi na sarƙe mata idan ta kwanta, ko baki ya karkace, kada ku jira wayewar gari, ku nufi Asibitin Ƙasa. Ku tafi da kwalin maganin da takardar likita.